Ɗana ya fi shaƙuwa da kakarsa, ko akwai matsala?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da wata 8, kuma tun da na koma aiki kakarsa ce take goya shi da rana. Yanzu yana ƙyuya, kuma idan ya tsorata wurinta yake miƙa hannu ko da ina zaune. Shin ya daina ɗaukata a matsayin uwa ne?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Ƙyuya takan fara ne tsakanin wata 6 zuwa 9, lokacin da jariri ya soma bambanta nasa da baƙo. Binciken da masana halayyar ɗan Adam Schaffer da Emerson suka wallafa a 1964 kan jarirai 60 a birnin Glasgow na ƙasar Scotland ya nuna cewa yawancinsu sun shaƙu da fiye da mutum ɗaya kafin wata 18.

Amsa ta biyu: Ni ma na goyi bayan wannan. Mary Ainsworth, wadda ta nazarci iyaye mata a Uganda a shekarun 1950, ta lura cewa saurin amsa kukan yaro da fahimtar buƙatarsa suna ƙarfafa shaƙuwa. Idan kin dawo, ki ajiye waya, ki shayar da shi kina kallon idonsa, kuma ki riƙa yi masa wankan yamma da kanki.