Cigiyar suna: me za mu kira kafson nan na hanta da kayan ciki?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na zo da cigiyar kalma, kuma ina bukatarta kafin Talata, ranar awon masu ciki a ɗan asibitinmu da ke wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari.

Jiya wata baiwar Allah mai cikin wata uku ta kwance bakin mayafinta, ta ciro farar kwalbar roba ta ajiye mini a kan tebur. Akwai hoton saniya a jiki, rubutun duk na Turanci. Ta ce ƙanin mijinta ne ya aiko daga Kano, ya ce yana sa kuzari yana washe kai. Saboda haka ta ajiye maganin ƙarin jinin da muka ba ta, ta koma wannan tunda ya fi tsada. Na ɓare kafso ɗaya a tafin hannuna. Gari ne ruwan ƙasa, kamar dakakkiyar daddawa. Na miƙa mata ta shinshina, ta ce, "Malam, ai wannan ƙarnin hanta ne." Na ce ita ce. Ta ce, "To magani ne ko nama?"

Nan bakina ya tsaya. Na san abin, amma ba ni da sunansa da Hausa.

Hantar shanu ce, wani lokaci a haɗa da zuciya da ƙoda da saifa, a daskarar da su da sanyi, a zuƙe ruwan, a niƙa, a ɗura a kafso. Turawa suna kiran duk dangin irin waɗannan kaya da supplement, wato abin da ake sha a kan abinci don cike abin da jiki ya rasa. Sunan dangin nake nema, da sunan wannan ɗin shi kansa.

*

Na gode, amsoshi sun yi yawa tun kafin azahar. Bari in bi su.

Masu cewa "maganin kayan ciki", ku gwada faɗa wa tsohuwa a ƙauye. Za ta ɗauka maganin ciwon ciki ne, ta ba jikanta mai gudawa. Kuma kalmar magani ita ce ta jawo abin da na gani jiya: mace ta ajiye magani na gaskiya saboda ta samu wani "magani" da ya fi shi kyan kwalba.

"Ƙwayar hanta" ma ban ɗauka ba. Kowa ya san inda kalmar ƙwaya ta koma a bakin mutanen Kano da Jigawa.

"Ƙarin abinci" shi ya fi samun goyon baya, kuma na daɗe ina juya shi. Matsalarsa biyu. Idan ka ce wa magidanci matarsa na bukatar ƙarin abinci, abin da zai ji shi ne a ƙara mata malmalar tuwo. Sannan da zarar ka ce "ƙarin kayan ciki", mu a asibiti ƙari sunan tsiro ne da ke fitowa a jiki, kamar ƙarin mahaifa. Ba na son mace ta koma gida da fargabar da ba ta zo da ita ba.

*

Wani malamin makaranta ya tambaye ni: kafin mu raɗa suna, abin yana aiki ko ba ya yi? Malam, tambayarka ta fi tawa, don suna linzami ne, kuma ba a sa linzami sai an san dabbar.

Hanta abinci ce mai albarka, wannan babu ja. A giram 100 na ɗanyar hantar shanu akwai bitamin B12 wajen maikirogiram 60, alhali abin da babban mutum ke bukata a rana bai wuce 2.4 ba. Akwai sinadarin ƙarfe wajen miligiram 5, kuma irin wanda hanji ke saurin tsotsewa ne, ya fi na wake da zogale da rama saurin shiga jini. Da sinadarin ƙarfe jiki ke gina abin da ke ɗaukar iska a cikin jini. B12 kuma da shi ake ƙera ƙwayoyin jini, shi ke kula da jijiyoyi. Wanda ya rasa su za ka gan shi da kasala, haki daga rijiya zuwa gida, jiri, mantuwa, wani har tafin ƙafarsa ya riƙa dindiris. Irin wannan mutum idan ya samu abin da ya rasa, lallai zai ji kansa ya washe, jikinsa ya dawo.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. A 1926 wasu likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, George Minot da William Murphy, suka riƙa ciyar da hanta mai yawa kullum ga masu wata muguwar cutar ƙarancin jini da ke kisa a lokacin, mutanen suka miƙe. Su biyun da George Whipple suka karɓi kyautar Nobel a 1934, kuma sai a 1948 aka tace B12 ɗin da ke yin aikin. Mu ma iyayenmu ba su jira littafi ba. Yaron da dundumi ya kama, wanda da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango, hanta ake gasa masa. Bitamin A ne a cikinta, shi ne dai wanda ake yanke wa kafso baki a ɗiga wa yara a makon lafiyar mata da ƙananan yara.

Amma ga inda nake so a tsaya. Wanda jikinsa bai rasa komai ba, hanta ba za ta ƙara masa basira ba, ba za ta mai da shi doki ba. Tulun da ya cika, ko ka ƙara ruwa zuba zai yi.

Sannan ku duba yawan abin. Kwalbar da aka kawo mini ta ce a sha kafso 6 a rana, duka giram 3 na gari. Hanta kusan kashi 70 cikin 100 ɗinta ruwa ne, don haka giram 3 na gari bai wuce wajen giram 10 na ɗanyar hanta ba, yanka guda a jikin tsinken tsire. B12 ɗin da ke ciki ya isa na yini har ya yi saura. Amma sinadarin ƙarfen bai fi rabin miligiram ba. Maganin da muke ba masu ciki kuwa, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, yana ɗauke da miligiram 30 zuwa 60 a kullum, haɗe da folik asid, wani bitamin da mai ciki ke bukata. Wannan shi baiwar Allahn nan ta ajiye. Abin ya tsaya mini a rai har dare.

Kuma mai ciki ba a sakar mata hanta yadda take so. Bitamin A na dabba idan ya yi yawa yana iya taɓa halittar ɗan tayi, musamman a watannin farko. Giram 100 na hanta yana da wajen maikirogiram 5,000, iyakar da aka yanka wa babba a rana kuwa 3,000 ce. A Ingila ma cewa ake masu ciki su bar hanta gaba ɗaya har su haihu. Mai sikila da ake yawan ƙara wa jini shi ma kada ya sha abin da ke ƙara sinadarin ƙarfe sai da izinin likitansa. Kasala a wajenmu kuwa sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko tsutsar ciki, ko tsargiya ga yaran da ke wanka a kududdufi, ko jinin da aka zubar wajen haihuwa. Gwajin jini ke rarrabe su.

*

Bayan la'asar wata Hajiya, tsohuwar malamar firamare daga wajen Ringim, ta rubuto kalma guda: ciko. Ta ce, "Ɗana, in ka je awo kwano bai cika ba, me kake cewa a yi maka? In kuɗinka bai kai ba, me kake nema?"

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wannan ita ce. Ciko ba ya zama sai da giɓi, kuma ciko ba ya maye gurbin uwar kuɗi. Duk abin da na ɓata sakin layi huɗu ina bayani, kalmar ta ɗauke shi ita kaɗai. Cikon abinci. Wanda ya ji ya san abinci ne gaba, wannan yana biye, kuma wanda kwanonsa ya cika ba ya bukata.

Wani ya ce ciko yana da wata ma'ana a wajen kwalliyar mata, ta abin da ba na gaskiya ba. Haka ne, amma da zarar an jingina shi da abinci ba wanda zai ɓata. Muna cewa cikon ƙasa a gini, cikon kuɗi a kasuwa, ba a taɓa rikicewa ba.

Sunan kafson shi kansa kuma na ɗauko daga bakin wani dattijon mahauci da nake sayen nama a wajensa ran Alhamis a kasuwar Maigatari. Na kira shi na karanta masa abin da ke jikin kwalbar. Ya ce, "Yaro, in hanta ce zalla ka ce hanta. In an gauraya ka ce kayan ciki. Mu ba ma sayar wa mutum tumbi da sunan ƙoda." Na ce to Baba. Saboda haka: kafson garin hanta, ko kafson garin kayan ciki. Kalmar gari nake so ta zauna a ciki, don mai ji ya tuna da garin kuka da garin kuɓewa, abin da aka shanya aka daka.

Baban ya ƙara da tambayar da ban yi tunaninta ba: wa ya yanka? Hadisi ya zo a Ibn Majah cewa an halatta mana mushe biyu da jini biyu, kifi da fara, hanta da saifa, amma hantar ai ta dabbar da aka yanka ce. Kwalbar nan daga New Zealand aka rubuta shanun suka fito, kuma ban ga tambarin halal a jikinta ba. Ɓawon kafson ma sau da yawa da jalatin ake yin sa, daga fata da ƙashin shanu ko na alade, wasu kuma daga tsirrai. Mai saye ya duba wannan, ya duba lambar NAFDAC, hukuncin kuma na bar wa malamai. Da mun kira shi magani, ba wanda zai tambayi yanka. Da muka ce garin hanta, tambayar ta zo da kanta.

*

Saura kalmomi biyu na Turanci a jikin kwalbar, masu faɗin abin da kafson ke yi wa jiki da abin da yake yi wa kai. Ta farko na fassara da kuzari, ban ce ƙarfi ba, don kun san abin da "maganin ƙarfi" ke nufi a bakin masu talla da lasifika a kasuwa. Ta biyu wasu sun ce kaifin basira. A'a. Da mun faɗi haka, gobe uba zai sayar da akuya ya saya wa ɗansa mai jarrabawa. Washewar kai na ɗauka, kamar yadda gari ke washewa bayan hazo: abin da ke nan dama shi ke bayyana.

Na samu kwali na rubuta da babban baƙi, zan manna kusa da sikelin awo: "Kafson garin hanta cikon abinci ne. Mai ciki kada ta sha sai ta tambaya, kada ta ajiye maganin ƙarin jini." Baiwar Allahn nan na aika mata ta bakin ungozoma ta dawo Talata tare da mijinta, mu gwada jininta, su zo da kwalbar.