An yi min aikin gwaiwa a dama, yanzu ta ɓullo a hagu. Garin kolajin zai taimaka?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarun baya an yi min aikin gwaiwa a matsematsina na dama. Yanzu kuma ga kumburi a hagu, in na tsaya ko na yi tari ya fito, in na kwanta ya koma. Aikina na zama ne, ba na ɗaukar kaya. Mahaifina ma ya yi fama da ita. Ina shan sigari. Wani ya ce naman jikina ne ba ƙwari, wai in riƙa shan garin kolajin. Me kuka gani?

Amsa ta farko: Malam, ni dai ina ganin wanda ya yi maka aikin farko ne bai yi da kyau ba. Ka sake likita.

Amsa ta biyu, daga ma'aikacin ɗakin tiyata: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa na sama, kada mu ɗauki alhakin likita. A dama aka yi aiki, wannan kuwa a hagu take, sabuwa ce.

Malam mai tambaya, wanda ya ce maka nama ne ba ƙwari, rabin maganarsa gaskiya ce. A ƙasan mara akwai wani tantani mai kauri da ke tokare hanji, kuma abin da ke ba shi ƙarfi shi ne kolajin, wasu zaruruwa da jiki ke saƙawa da kansa. Nau'i na 1 kakkaura ne mai jure ja, nau'i na 3 siriri ne. Da aka duba tantanin masu gwaiwa, har ma da fatarsu, an sha samun na 3 ya ƙaru in aka gwada da na 1. Ka ga ke nan abin ba a matsematsi kaɗai ya tsaya ba. Shi ya sa take bin dangi, take fitowa gefe biyu, kuma ta fi yawa ga masu cututtukan gado da ke raunana zaruruwan jiki, irin Marfan da Ehlers-Danlos. Tari ko yunƙuri sau da yawa tona raunin da ke nan kawai suke yi.

Amma garin kolajin ba zai toshe ƙofar da ta riga ta buɗe ba. Ciki narkar da shi yake yi kamar kowane furotin. Ka adana kuɗinka.

Inda kake da iko shi ne sigari. Tun 1981 masu bincike Cannon da Read suka nuna cewa a jinin mashaya sigari masu gwaiwa sinadaran da ke cinye zaruruwan jiki sun yi yawa, irin waɗanda ke lalata huhu. Ga tarin da take jawowa, ga hana rauni warkewa da wuri. In za a yi aiki, a daina aƙalla mako 4 kafin ranar.

Wannan raunin ne ma ya sa a yau aka fi sa wa manya raga a wajen aikin, wato wani yadi mai ƙananan ramuka da ake shimfiɗawa don ƙarfafa wurin. Ɗinki a kan yadin da ya riga ya ci, gefensa yake sake yagewa.

Amsa ta uku: Allah ya ba da lafiya. Kada kunya ta hana ka zuwa asibiti, Malam. Kusan namiji 1 cikin 4 na samunta a tsawon rayuwarsa, mata kuwa kusan 3 cikin 100. Ka kuma gaya wa likita in kana da taurin bayan gida ko kana yunƙuri wajen fitsari, a magance su tare.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai. To tunda ba ta yi min ciwo, zan iya jira?

Ma'aikacin ɗakin tiyata: Namiji da tasa ke komawa ba ciwo, likita na iya cewa a sa mata ido tukuna, ko da yake yawanci daga baya sai an yi aikin. Amma shi zai yanke wannan bayan ya duba ka. In ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri da zafi, ko ka fara amai, ciki ya kumbura, bayan gida ya tsaya, hanji ne ya shaƙe. Kada ka danna ta da ƙarfi, kada ka jira gari ya waye, ka tafi sashen gaggawa.