Zan sauya shimfiɗar ƙaramin tankina saboda jatan lande: waɗanda suka taɓa yi, yaya kuka yi?

Abban Sadiq, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tankin gilashi mai cin lita 30, ya daɗe yana aiki lafiya. Na ba ƙanena kifayen da ke ciki, yanzu saura jajayen jatan lande irin Neocaridina, kuma tunda kifin suka tafi suka fara fitowa fili. Ina so in kwashe tsakuwa mai launi da furannin roba, in zuba ƙasar shuka ta tanki, in sa itace da tsirrai masu rai. Abin da ya tsaya mini shi ne mata biyu suna ɗauke da ƙwai. In kwashe komai rana ɗaya, ko in bi a hankali?

Maman Hanif, Abuja:
Wa alaikumus salam, Abban Sadiq. Ni na yi nawa rana ɗaya kuma ban rasa ko ɗaya ba, amma sai da na shirya tun kafin in taɓa ruwan. Abu mafi daraja a tankinka shi ne soson matatar, domin a jikinsa ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin halittun tanki da ragowar abinci, suke zaune, su mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan naitiret mai sauƙin illa. Idan soson ya bushe, ko ka wanke shi da ruwan famfo mai kulorin, sun mutu, tankin ya koma sabo fil, sai ka jira sati huɗu zuwa shida kafin ya sake kafuwa.

Da farko na zuƙe ruwan sama mai tsabta da tiyo zuwa bokitai tun ban motsa tsakuwa ba. A ɗaya daga cikinsu na sa jatan landen tare da soson, na jona famfon iska ya ci gaba da aiki, na jefa musu ɗan tsiro su maƙale, na rufe saman. Bokitin ya zama sabo ko wanda bai taɓa ganin sabulu ba. Da na gama jera duwatsu sai na mayar da tsohon ruwan, na cike gurbin da sabo kaɗan.

Ƙasar shukar nan ce nake so ka tsaya ka duba. Irin su ADA Amazonia suna fitar da amoniya na makonni bayan an zuba su, kuma jatan lande ba sa jure amoniya ko naitirait ko kaɗan. In ita za ka sa, to ba maganar mayar da su a ranar. Su zauna a wani mazubi har abin gwajin ruwa ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifili.

Ɗan Jos:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni tambayata ita ce me zai kai ka ga ƙasar ma? Tana sauke pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tana kuma tausasa ruwa ta rage masa ma'adini, abin da irin Caridina masu ratsin ja da fari ke buƙata. Neocaridina kuwa suna rayuwa daga pH 6.5 har zuwa 8, suna ma son ruwa mai ɗan ma'adini saboda ɓawonsu. Bayan haka ƙarfin ƙasar yana ƙarewa, wata rana sai ka sake tone tankin. Ni baƙin yashi na zuba, wanda ba ya canza ruwa, kuma jan jikinsu ya fi fitowa a kan baƙi.

Tsirran da suka fi yi musu amfani ba sa neman ƙasa. Gansakukar ruwa da ake kira Java moss a jikin itace ake ɗaure ta da zare, cikinta 'ya'yan suke ɓuya suna kiwo. Anubias barteri kuma asalinsa nan yankinmu ne, bakin rafukan kudancin Najeriya da Kamaru, daga nan ya bazu zuwa tankunan duniya. A jikin dutse ake ɗaure shi, in ka binne kaurin jijiyarsa sai ya ruɓe. Duk dutsen da na tsinto ina ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinsa, zai riƙa ƙara wa ruwa nauyi, wato yawan ma'adini, sai in ajiye shi gefe.

Abban Sadiq, Kaduna:
Allah ya saka da alheri. Ban riga na sayi ƙasar ba, don haka yashin zan nema. To masu ƙwan fa, in jira su?

Anti Bilki, Zariya:
Ka jira, ɗan'uwa. Ƙwan yana kai kusan wata ɗaya a ƙarƙashin cikinta tana yi masa fifita da ƙananan ƙafafunta, kuma idan ta firgita ko ruwa ya canza mata farat ɗaya tana iya zubar da shi. Ta taɓa faruwa a tankina lokacin da muka tashi daga gida zuwa wani, na ga ƙwan a ƙasan roba, raina ya ɓaci ƙwarai. Sai dai kada ka ce sai ranar da babu mai ƙwai ko ɗaya, don in suna jin daɗin wuri wannan ranar ba za ta zo ba. Ka bari waɗannan su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su ɗan tasa yadda ido zai gan su.

Ranar aikin kuma kada ka zubar da ruwan ƙarshe mai dauɗa. Jariran ba su fi milimita biyu ba, kuma ba su da launi sosai. Ni a farar roba nake juye shi, in bar shi ya kwanta, in haska da tocilan. Za ka yi mamakin yawan da za ka tsinta suna motsi cikin lakar. Da cokali nake ɗebo su. Tsohuwar tsakuwar ma na ƙulla kaɗan a cikin raga na ajiye a kusurwar tankin na wani lokaci, saboda santsin nan da ke jikinta shi ne ainihin abincinsu, sabon yashi ba shi da komai.

Yaya Bakano:
Ni ba a wajen sauya shimfiɗa na yi asara ba, bayanta ne. An fesa maganin sauro a ɗakin da yamma, tankin a buɗe, famfon iska yana jan iskar ɗakin yana turawa cikin ruwa. Da safe babu mai motsi. Jatan lande dangin ƙwari ne ta wajen halitta, abin da ke kashe sauro yana kashe su, har hayaƙin maganin da ake kunnawa. Yanzu tankin yana ɗakin da ba a fesa komai, kuma kowa a gidan ya sani. Haka sabon tsiron da aka sayo daga shago, wani lokaci an wanke shi da maganin kashe ƙwari ko na dodon koɗi mai sinadarin jan ƙarfe. Ina jiƙa shi a bokiti daban, ina canza ruwan kullum, kafin ya shiga tanki.

Sai zafi. Sun fi walwala daga digiri 20 zuwa 26, in ya haura 30 sai ka ga suna hawowa sama don iskar cikin ruwa ta ragu. Ku mutanen Jos kun huta, mu a watan Afrilu sai da ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Tana sauke shi digiri biyu ko uku, amma ruwa yana ƙafewa da sauri, ma'adinin kuma yana nan yana taruwa, shi ya sa nake cikewa da tataccen ruwa marar ma'adini ba na rijiyar burtsatse ba. In da hali ka yi aikin nan kafin bazara ta kankama, ka kuma tanadi famfon iska mai batir saboda ɗauke wuta.

Maman Hanif, Abuja:
Na manta ban faɗi yadda ake mayar da su ba. Kada ka juye su kai tsaye ko da ruwan tsohon ne. Ka ɗaure siririn tiyon iska yadda ruwan tanki zai riƙa ɗiga cikin bokitinsu ɗigo-ɗigo na awa ɗaya zuwa biyu, sannan ka ɗebe su da raga. Canjin ruwa na gaggawa yana tilasta musu yin saɓa ba su shirya ba, wasu su maƙale cikin ɓawon su mutu. In ka ga fararen ɓawo a kan yashi bayan kwana kaɗan, kada ka tsorata kuma kada ka kwashe, za su cinye su mayar da sinadarin kalsiyam jikinsu.

Ɗan Jos:
Ka ƙara da busasshen ganyen bishiyar almon, wadda ake shukawa don inuwa a harabar makarantu. Wanda ya faɗo da kansa ya yi ruwan ƙasa, daga wurin da ba a feshi. Ka wanke, ka zuba masa tafasasshen ruwa, ganye ɗaya ya ishi lita 30. Ruwan zai ɗan yi kalar shayi, ba matsala ba ce. Cikin 'yan kwanaki santsi zai rufe ganyen, su taru a kai.

Abban Sadiq, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan jira ƙyanƙyasar kamar yadda Anti ta ce. Kafin nan na riga na jiƙa itacen a bokiti don ya nutse, gobe kuma zan ɗaura gansakukar a kan duwatsu in sa su cikin tankin tun yanzu, su fara yin santsi kafin ranar zuba yashi.