"Kayan aro ba ya ado": ana faɗa wa uwar da ta rasa 'yarta haka?

Uban 'Yan Mata:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan ba ku labari tukuna. Watan jiya 'yata ta biyu ta cika shekara guda da rasuwa. Shekarunta 15. Sikila ce, tun tana wata takwas muke shiga asibiti muna fita da ita. Bahaguwa ce, rubutunta a kwance kamar iska ta kaɗa shi, kuma ita ke karanta wa mahaifiyata takardar magani, ba ta yarda kowa ya taɓa ledar maganin nan sai ita. In ciwo ya taso mata cikin dare ba ta ihu, sai ta ciji gefen filo don kada ƙannenta su farka. Filon yana nan, gefensa duk ya tsattsage. Uwarta ta adana shi tare da kayan makarantarta da littattafanta.

Yayata ta zo gidan ta tarar da maiɗakina ta fito da kayan tana ninkewa tana hawaye. Sai ta ce mata, "Haba ke kuwa, shekara guda fa! Ki bayar da kayan nan. Ɗa aro ne, kayan aro kuwa ba ya ado." Maiɗakina ba ta ce uffan ba, ta tashi ta shige ɗaki. Yau kwana 19 ba ta ɗaga wayar Yaya. Ita Yaya ta rantse nasiha ta yi. Ni ina tsakiya. Don Allah, wannan karin maganar tana da wurin zama a nan?

Maman Biyu:
Allah Ya jiƙanta, Ya sa mai ceto ce. Ba ta da wurin zama, Malam. Wannan magana ta gori ce, ana yi wa wanda ya ari riga yana taƙama da ita. Wace taƙama uwa ta yi don ta ninke kayan 'yarta?

Ɗalibin Zaure:
Allah Ya ba ku haƙuri. Hajiya, kada mu yi saurin yanke wa Yaya hukunci. Kiran ɗa aro ba ita ta fara ba. Yana cikin Sahihu Muslim: ɗan Abu Ɗalha ya rasu ba ya gida, Ummu Sulaim ta hana kowa ya gaya masa. Da ya dawo ya natsu sai ta tambaye shi, in wasu suka ba mutanen wani gida aron abu, sannan suka nemi abinsu, suna da ikon hana su? Ya ce a'a. Ta ce to ka nemi ladan ɗanka wurin Allah. Kuma saƙon da Annabi (SAW) ya aika wa 'yarsa lokacin da ɗanta ke gargara shi ne, na Allah ne abin da Ya karɓa, kuma naSa ne abin da Ya bayar.

Maman Biyu:
Malam, ka karanta abin da ka rubuto da kyau. Wa ya faɗi maganar aro? Uwar yaron ce da bakinta, ita da ta yi naƙudarsa. Ba baƙuwa ce ta shigo ta faɗa mata ba. Kuma ka tsallake wuri guda: a ruwayar nan Abu Ɗalha sai da ya yi fushi, ya kai ƙara wurin Annabi. Sahabi ke nan fa.

Tsohon Malamin Aji:
Ni rabin farko ban da ja a kai, aro ne. Rabin ƙarshen ne ya tsaya mini a wuya. Suratul Kahfi aya ta 46 cewa ta yi dukiya da 'ya'ya su ne adon rayuwar duniya. To Wanda Ya ba da aron Shi da kanSa Ya kira shi ado. Yaya za a yi mu zo mu ce ba ya ado?

Baƙon Dare:
Ni yadda na taso na ji ana faɗa, "kayan aro ba ya rufe katara." Wannan na ado sai a bakin 'yan zamani.

Gwanin Tsokana:
Ko katara ko ado, waɗanda ya kamata a yi wa wannan karin maganar suna can sun ari kujera ta shekara huɗu sun manne kamar da ita aka haife su. Har jama'ar da ke tafa musu a filin taro ma na haya ne.

Jikar Inna:
Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah Ya jiƙanta, don tunda na karanta saƙon bawan Allahn nan ita nake gani.

Inna ta haifi tara, ta binne uku, amma guda ɗaya ce ba ta taɓa daina ambato ba, wadda mahaifiyata ke bi. Shekarunta tara. Yarinya ce mai son kwalliya tun ba ta san kanta ba, ko gawayi ta samu sai ta ja gira da shi. Gidan babu madubi, to kullum tana gidan maƙwabciya tana leƙa nata, wani ɗan ƙaramin madubi mai bayan kwano, bai fi tafin hannu ba. Ranar nan ta roƙa aka ba ta aro ta zo da shi gida, da alkawarin za ta mayar da safe. A daren zazzaɓi ya rufe ta. Ƙyanda ce, lokacin ba a san wata allurar rigakafi ba. Inna ta ce ko da ƙurajen suka feso, idanunta suka yi jajir, madubin na cikin hannunta, tana ta tambaya, "Inna, za su bar mini tabo?" Kwana shida ta yi.

Da aka watse, Inna ta ɗauki madubin ta kai wa mai shi. Matar ta karɓa ta juya shi, ta mayar mata a hannu ta ce, "Riƙe mini, ban tashi karɓa ba." Duk shekara in lokacin ya zagayo Inna za ta yafa mayafi ta je ta ce, "Na kawo miki madubinki," ita kuma ta ce, "Ban tashi karɓa ba." Sai su zauna su yi hirar yarinyar, yadda take rawa, yadda ta taɓa ɓata a kasuwa aka same ta gaban mai sayar da sarƙa. Sun fi shekara arba'in a haka. Ni da idona na raka ta sau biyu, ina ƙarama, ina jin haushin tsofaffin nan biyu da magana ɗaya kullum.

Ɗalibin Zaure:
Allahu Akbar.

Jikar Inna:
Ban gama ba. Inda labarin ya haɗu da na Malam, kishiyar Inna ta taɓa yi mata wannan karin maganar sak, ranar da ta gan ta tana goge madubin da gefen zaninta. Inna ta ɗago ta dube ta ta ce, "Wa ya gaya miki? Shekara tara na yi ina ado da ita, kowa ya gani." Mahaifiyata ta ce ba ta taɓa ganin an rufe wa mutum baki kamar ranar ba. Da maƙwabciyar ta rasu, Inna ta tsorata, ta ce yanzu ya zama haƙƙin magada, ta naɗe shi ta kai wa 'ya'yan matar. Babbar 'yar ta fashe da kuka ta ce uwarsu ta bar musu wasiyya kada wanda ya karɓa.

Baƙon Dare:
To wannan ai ya tashi daga aro ya koma kyauta tun ranar farko. Aron da mai shi ya ƙi karɓa shekara arba'in?

Tsohon Malamin Aji:
A'a. Da ta ce kyauta ne da ziyarar ta ƙare. Matar nan ta san abin da take yi, ta bar wa Inna dalilin zuwa.

Gwanin Tsokana:
Irin wannan mai ba da aron shugabanninmu ke nema ruwa a jallo, wanda zai ce "ban tashi karɓa ba." Sun ciwo bashin da jikokinmu za su biya, asibitin da za a kai yaro cikin dare kuwa ko fitila babu. Amma in ɗan wani babba ya rasu ka gan su jere da masu ɗaukar hoto a baya.

Ma'aikaciyar Jinya:
Wallahi a nan ba ka yi ƙarya ba. Ina ganin iyayen masu sikila suna yawon neman jini da tsakar dare. Kuma tunda an zo wurin, 'yan'uwa a riƙa gwaji kafin aure. In uba da uwa duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai sikila.

Maman Biyu:
Sista, gaskiya kika faɗa, amma ba yau ba kuma ba a ƙarƙashin saƙon mutumin nan ba. Kin ga abin da muke faɗa game da Yaya ke nan, magana mai kyau a wurin da ba nata ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam ka yafe mini, ban yi don in fama maka ciwo ba.

Ɗalibin Zaure:
Abin da nake so in ƙara, kada a ɗauka kuka rashin tawakkali ne. Annabi (SAW) ya rasa 'ya'yansa mata uku yana raye: Ruƙayya a shekara ta 2 bayan Hijira, lokacin Badar, Zainab a ta 8, Ummu Kulsum a ta 9. An ga hawayensa a bakin kabarin 'yarsa. Da ɗansa Ibrahim ya rasu ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Annabi Yaƙubu kuwa har idanunsa suka yi fari saboda Yusuf. Amma har yanzu ina ganin Yaya tsoro ta ji kada matar ƙanenta ta lalace, harshe ne ya zame mata.

Baƙon Dare:
Da ta ce "ba ya rufe katara" da duk wannan rigimar ba ta taso ba.

Maman Biyu:
Da ta fi muni ma!

Uban 'Yan Mata:
Na gode muku duka, Sista babu komai wallahi. Yaya ita ta goye ni, kuma ta kwana asibiti da yarinyar nan ya fi sau ashirin, shi ya sa abin ya yi mini nauyi ta kowane ɓangare. Daren jiya na miƙa wa maiɗakina wayar ta karanta. Ba ta ce komai a kan Yaya ba. Ta daɗe a kan labarin Inna, sannan ta ba ni labarin da ban taɓa sani ba, wai ranar da za a kwantar da 'yarmu kwanciyar ƙarshe sai da yarinyar ta sa aka koma gida aka ɗauko mata biron da ta ara wurin ƙawarta, don kada a ce ta riƙe. Ta ce in tambayi Jikar Inna, madubin yana ina yanzu?

Jikar Inna:
Ka gaishe ta. Hajiya, ina yi miki addu'a. Bayan rasuwar Inna Gwaggo ce ta ɗauka. Rabona da ganinsa ya kai shekara shida, lokacin bayan ya yi tsatsa, gilashin ya tsage ta gefe guda. Bari gari ya waye in kira ta in ji.