Giyar motata tana zamewa daga 2 zuwa 3, harafin D kuma yana ƙyaftawa

Malamin Sakandare:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana mota kafin in yi asarar da ba zan iya ɗauka ba.

Motata Honda Accord ce ta 2005, mai silinda huɗu, giyar otomatik. Shekara shida ke nan tana hannuna, da ita nake zuwa makaranta, da ita nake kai iyali Zariya duk ƙarshen wata. Da safe lafiya lau take tashi. Amma da zarar ta yi zafi, musamman in na shiga gosulon Kofar Nasarawa, sai in ji inji ya yi ƙara kamar na taka totur a furi, allurar juyin inji ta haura, motar ba ta ƙara gudu ba, can sai giya ta uku ta shiga da ƙarfi har kujera ta girgiza. Shekaranjiya kuma harafin D da ke gaban sitiyari ya fara ƙyaftawa.

Abin ya fara ne kamar mako uku bayan na yi sabis. Ranar yaron garejin ya ce man giya ya yi baƙi, ya zubar, ya ɗura wani ja daga galan da ba rubutu a jikinsa. Yanzu ogansa ya ce giyar ta mutu, in je Kofar Ruwa in sayo 'yar Beljiyam. Wallahi albashin wata uku ba zai saye ta ba. Shin babu abin da za a gwada kafin nan?

Bakanike Daga Panteka:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sawwaƙe. Kada ka bari kowa ya sauke giyar nan tukuna.

Ka fara da man. Jan launi ba shi ne shaida ba, kusan duk man giya ja ne. Motarka an yi ta ne da man Honda mai suna ATF-Z1, daga baya kamfanin ya maye gurbinsa da DW-1. Giyar tana da kuloci-kuloci a ciki, kuma kowanne yana kamawa ne da santsin da aka auna masa. In aka zuba wani man daban, da sanyi ba za ka gane ba, sai ya yi zafi ya tsinke, a nan kuloci zai zame sannan ya cafke da ƙarfi. Daidai abin da ka kwatanta.

Ka auna da kanka, kuma ka lura, awon Honda ba irin na Toyota ba ne. A Camry ko Corolla ana aunawa inji yana aiki. A taka kuwa, ka zagaya da ita ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai baje, ka kashe inji, ka zaro gejin mai mariƙin rawaya cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Yara da yawa a gareji ba su san wannan ba, shi ya sa suke cika mai fiye da ƙima ko su bar shi ƙasa. Ka goga a farin ƙyalle ka sansana. In yana warin ƙuna, kulocin ya fara cinyewa. In ya yi kama da madarar da aka zuba wa jan kala, ruwa ne ya shiga ta lagireto, don bututun sanyaya man giya ta cikinsa yake bi, to wannan ka ajiye motar nan take.

Shi kuma D mai ƙyaftawa, kwamfutar motar ce take gaya maka ta ajiye lambar matsala. A sa mata na'ura a karanta, ka rubuta lambar a takarda kafin mai na'urar ya goge. Ka dawo mana da ita.

Direban Kano-Jos:

Oga, ni fa ina jin tsoron wannan shawarar ta sake canza mai. Mun sha gani, tsohuwar giya tana tafiya, ana zuba sabon mai sai ta ƙi motsi gaba ɗaya. Ni tawa ban taɓa canzawa ba, ƙari kawai nake yi.

Bakanike Daga Panteka:

Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne, amma ba sabon man ne ya kashe ta ba. Waccan giyar kulocinta ya riga ya ƙare, garin da ya zube cikin tsohon man ne yake taimaka masa kamawa. Ta Malam kuwa an riga an zubar da tsohon, wanda ke ciki yanzu ba nata ba ne. Barinsa shi ne haɗarin.

Abin da zan hana shi ne wanke giya da inji mai matsa mai. A kwance notin ƙasa kawai, kusan lita 3 zai fito, kuma bai kai rabin abin da ke ciki ba, sauran yana maƙale a cikin kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giya. Shi ya sa ake zubarwa a ɗura sau uku, ana tuƙa motar a tsakani. Notin yana da mayen ƙarfe a bakinsa. Laushin baƙin gari ba komai, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi, to maganar ta canza.

Maman 'Yan Biyu:

Yaya, ka sa a duba mazaunin inji ma. Tawa duk sanda na sa ribas sai ta yi ƙara kamar an buge ta ta baya, har na fara neman kuɗin giya. Ashe robar ce ta tsage. Ba lallai shi ne naka ba tunda taka tana zamewa a kan tafiya, amma dubawa minti biyar ne.

Malamin Sakandare:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, an duba mazaunin, lafiyarsa ƙalau.

Lambar da ta fito P0848 ce. Mai na'urar ya ce ɗan suwic ɗin da ke auna ƙarfin mai na kulocin giya ta uku ne, a waje yake ɗaure jikin giyar, ko sauke ta ba a yi ba aka canza shi. Man kuma ya wuce layin sama sosai, ga kumfa, amma ba warin ƙuna, notin ma gari ne kawai. Na sayi DW-1 a robarsa a rufe, na tsaya a kan yaron har ya gama. Sau biyu aka yi zuwa yanzu.

D ya daina ƙyaftawa, bugun nan ya tafi. Jiya na je Zariya na dawo, sai dai a wajen Kwanar Dangora, da rana ta take, na ji ta ɗan yi jinkiri kafin ta shiga uku, sau ɗaya. Oga, in yi na ukun yanzu ko in ƙara tafiya da ita?

Bakanike Daga Panteka:

Alhamdulillah. Ka yi shi wannan makon, kada ka jira. In jinkirin ya ci gaba bayan na ukun, a ciro solanoyid ɗin da ke saman giyar, wato bawul-bawul na lantarki masu sarrafa man giya, a wanke ƙananan rariyoyinsu, datti yana toshe su. Kafin nan ka rage lodi, ka bar taka totur da ƙarfi daidai lokacin da za ta sauya giya.