Wane abin sha ne ya dace da abincin Babbar Sallah?

Amaryar bana, Kaduna:
Assalamu alaikum. Wannan ce Babbar Sallah ta farko da zan karɓi dangin maigida a ɗakina, kuma na yi niyyar haɗa abin sha da hannuna maimakon sayen lemon kwalba. Ranar Sallah zan yi waina da miyar taushe da soyayyen kayan ciki, washegari kuma za a yi suyar naman layya tare da farfesun kai da ƙafa. Don Allah iyayena da yayyena, wane abin sha ya fi dacewa da kowanne, tsakanin zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi da lemon tsamiya?

Hajiya Babba, Kano:
Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya ba da zaman lafiya. Ki fara duba maiƙon abincin kafin ki zaɓi abin sha, domin naman rago yana da kitse, kuma kitsen nan idan ya fara daskarewa a dasashi babu abin da ke wanke shi kamar tsami. Saboda haka ranar suya ki yi zoɓo ko tsamiya. Amma idan zoɓo za ki yi, kada ki jefa masa kanwa kamar yadda wasu ke yi, domin kanwa tana kashe tsamin nan da kike nema, ta kuma mayar da jan launinsa ya yi duhu. Ki dafa shi da ɗanyar citta da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke sosai, ki tace, sannan ki rage sukari, tunda zaƙi mai yawa a kan nama mai maiƙo yana ginsar mutum tun bai ci rabin kwanonsa ba.

Waina da taushe kuwa, kabewar da ke ciki da gyaɗa sun riga sun ba miyar zaƙi da kauri, don haka kunun zaƙi mai ɗan yaji-yajin citta ya fi tafiya da ita.

Maman 'yan biyu, Zariya:
Hajiya ta yi magana, amma ina neman afuwa in ƙara abu ɗaya game da kunun aya. Ƙanwata, kada ki haɗa shi da farfesu ko suya, domin aya da dabino da kwakwa abinci ne mai nauyi da kansu. Ki ajiye shi domin baƙin la'asar da za ki ba cincin ko dubulan. Sannan ki niƙa shi a ranar da za a sha, saboda yana saurin lalacewa. Idan babu wuta kuma babu ƙanƙara, kafin magariba zai fara kumfa yana yauƙi.

Wani magidanci, Maraɗi:
A wajenmu ragon ake buɗewa a soke shi a itace, a jera kewaye da wuta ya gasu a hankali, don haka namanmu yana da ƙamshin hayaƙi da yaji. Abin da na ga ya fi karɓarsa shi ne tsamiya da aka jiƙa da ruwan ɗumi aka murje, aka sa citta da ɗan masoro. Bayan an ci kuma sai a ɗora shayi mai ɗaci a kan gawayi. Malama, idan akwai dattawa masu shan maganin hawan jini a cikin baƙinki, ki sanar da su cewa zoɓo ne, domin shi ma yana saukar da jini.

Amaryar bana, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, idan na dafa zoɓon tun ranar Arfa na bar shi ba sukari, zai kai ranar suya?

Hajiya Babba, Kano:
Zai kai matuƙar yana cikin firji a rufe, sai dai ki bar sukarin da ruwan abarbar sai safiyar ranar da za a sha.