Kayan fatsa na bakin tashar jiragen ruwa, da dalilin da ake korar masu fatsa daga can

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum, masana. Tambaya biyu gare ni, ina ganin kamar a haɗe suke. Ta farko, wanda zai jefa fatsa daga kan katangar tashar jiragen ruwa ko gadar da ta miƙe cikin teku, inda tsakaninsa da ruwa ya kai mita huɗu zuwa shida, wane irin sanda da zare da darma, wato nauyin da ke nutsar da koto, ya kamata ya riƙe? Kayan jifa daga bakin rairayi za su yi, ko sai an canza? Ta biyu, da wace hujja hukumar tasha take kafa allon hana kamun kifi, alhali teku ba gonar kowa ba ce? Akwai hanyar da ake bi a samu izini, ko dai haƙuri kawai ake yi?

Mai Darma:

Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ta farko, ta biyun akwai waɗanda suka fi ni saninta.

Kayan bakin rairayi an yi su ne don jifa mai nisa, sanda mai mita huɗu ko fiye da darma mai nauyi. A kan katanga ba nisa kake nema ba. Kifi yana taruwa ne a gindin katangar da jikin ginshiƙai, domin can ƙumba da ƙaguwa da ƙananan kifaye suke fakewa. Yawancin sababbi suna wurga koto ya wuce kan kifin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Sanda mai mita 2.7 zuwa 3.3, wadda aka rubuta mata ɗaukar giram 60 zuwa 120, ta wadatar. Wadda ta fi haka tsawo sai ta riƙa dukan ƙarfen kariya da fitilu da mutanen da ke bayanka.

Babban zare, na roba mai kaurin milimita 0.35 zuwa 0.40. Amma kada ka ɗaura darma kai tsaye a jikinsa in dai za ka yi jifa da ƙarfi. Ana haɗa masa zaren gaba mai kauri wanda zai sha fizgar jifa. Ƙa'idar da masu fatsar teku suka daɗe a kai ita ce, kowane giram 28 na darma yana son ƙarfin zare na kilo huɗu da rabi. Darma mai giram 140 ke nan tana buƙatar zaren gaba mai ɗaukar kusan kilo 23, kaurinsa wajen milimita 0.70. Tsawonsa ya fara daga darmar, ya bi jikin sanda har injin naɗe zare, sannan ya zagaye kwarkwaron sau biyar ko shida. In zagayen nan bai samu ba, ƙullin haɗin ne zai sha nauyin jifa, shi kuwa nan ne wuri mafi rauni. Darmar da ta tsinke a tsakiyar jifa tana tafiya kamar harsashi, kuma a tasha abin da ke gabanta gilashin jirgi ne ko kan mutum.

Duk ƙullin da za ka yi, jiƙa shi da ruwa ko miyau kafin ka ja shi ya ƙulle. Busasshen zaren roba yana ɗaukar zafi in ya goga jikinsa, ya raunana a wurin, ba kuma za ka gani da ido ba sai ranar da babban kifi ya ci.

Ƙasan tasha juji ne: tsofaffin sarƙoƙi, igiyoyi, tayoyi, duwatsun da aka zuba don kare katanga. Darma za ta maƙale, babu makawa. Dabarar ita ce ka ɗaura ta da ɗan guntun zare mai rauni, tsawon taƙi ɗaya, wanda ƙarfinsa bai wuce rabin na babban zarenka ba. In ta maƙale ka ja, ita kaɗai za ta tafi, ƙugiya da kifi da sauran zaren su dawo maka. Wannan na sakin koto ƙasa ne ko lilo a hankali. In za a yi jifa da shi sai an rataye darmar a ɗan maƙalin ƙarfe da ke sakinta idan ta taɓa ruwa, in ba haka ba raunannen zaren zai tsinke tun a sama. Ƙugiya kuma ta zauna sama da darma da kamar santimita 40 zuwa 60, a kan reshen zare gajere, don kada ta kwanta cikin tarkace. Ƙugiya mai girman lamba 1 zuwa 2/0 ta ishi yawancin kifin katanga.

Abin da aka fi mantawa shi ne yadda kifin zai hau. Sanda ba injin ɗaga kaya ba ce. Kifi mai kilo biyu a rataye mita biyar sama da ruwa, ko dai bakinsa ya yage, ko kan sandar ya karye. A tanadi ragar saukarwa: zoben ƙarfe mai faɗin santimita 70 zuwa 90, an ɗinka masa raga, da igiyoyi uku da suka haɗu a kan doguwar igiya ɗaya, da ɗan nauyi a gindi don iska kada ta kaɗa ta. A sauke ta ta nutse tukuna, a jawo kifin ya hau kanta, sannan a ɗaga. Kada a bi kifi da raga, shi ake kawowa wurinta. Tsawon igiyar a auna shi da lokacin da ruwa ya janye sarai, ba lokacin cika ba.

Ɗan Kwata:

Malam Mai Darma ya gama da kaya. Ni zan taɓa maganar hujja, don a nan ne mutane ke ruɗewa.

Abu biyu ne ake cakuɗawa: haƙƙin kama kifin da ke cikin ruwan, da haƙƙin tsayawa a wurin da kake tsaye. A Ingila, misali, doka ta daɗe da amincewa cewa jama'a suna da haƙƙin kamun kifi a ruwan da ke cika yana janyewa, kuma ana danganta tushen wannan da yarjejeniyar Magna Carta ta 1215. Amma haƙƙin bai ba ka damar taka ginin wani don ka isa ruwan ba. Katanga da gada da matakala gini ne, suna da mai su, ko hukumar tasha ko ƙaramar hukuma ko kamfani. Saboda haka mai gadi da ya ce ka sauka ba teku ya hana ka ba, siminti ya hana ka. Hujjar "teku ta Allah ce" gaskiya ce, sai dai ba ta amsa abin da ya faɗa.

Sai maganar tsaro. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idar tsaron jirage da tashoshi da ake kira ISPS a Disamba 2002, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2004. Duk tashar da ke karɓar manyan jiragen ƙasa da ƙasa dole ta kasance da tsarin tsaro, da jami'in da ke kula da shi, da wuraren da ba a shiga sai da izini. Katangu da yawa da mutane suka gaji jefa fatsa a kai tun kakanni a lokacin aka zagaye su da waya. Inda abin ya faɗa cikin wannan yanki, kada ka ɓata yawunka.

Amma yawancin rigingimun ba a wurin kwantena ake yin su ba, a ƙananan tashoshi ne na jiragen kamun kifi da na shaƙatawa, kuma ƙorafin masu jirage na gaske ne. Zaren da aka yanke aka bari a ruwa yana naɗewa a sandar farfela, ya matse, ya ci robar da ke tare ruwa, ruwan gishiri ya shiga cikin man giya. Mai jirgi ba zai sani ba sai man ya koma fari kamar madara. Ƙugiyar da ta shige cikin igiyar ɗaure jirgi ba a ganinta, sai matuƙi ya ja igiyar da hannu ta yage masa tafi. Ga darma da ke fasa jikin jirgi, ga ragowar koto da hanjin kifi da ke sa santsi da wari. Mai ginin kuma in wani ya zame ya faɗa, shi za a kai ƙara, kamfanin inshora kuma shi zai tuhuma. Allon hani ya fi masa arha.

Hanyar neman izini tana nan. A fara da gano mai wurin, sannan a nemi ganin rubutacciyar dokar da aka dogara da ita, domin wani allon bayansa akwai dokar tasha mai tara, wani kuwa ra'ayin manaja ne kawai, shi kuma ana iya zama a canza shi. A je a ƙungiyance, ba ɗaiɗai ba, a kuma je da tayi a hannu: yanki ƙayyadadde da aka shata da fenti nesa da inda jirage ke ɗaurewa, sa'o'i sanannu, katin shaida ga kowane memba, bututun zuba tsohon zare, sharaɗin naɗe zare duk lokacin da jirgi zai shiga ko zai fita, da inshorar ƙungiya in ana samunta a ƙasar. A nemi gwaji na wata shida maimakon izini na har abada, ya fi sauƙin sa hannu.

Gwanin Ƙulli:

Ɗan'uwa Ɗan Kwata, na yarda da kusan duka, amma ka yi wa hukumomi sassauci. Sau da yawa ana fakewa da guzuma a harbi karsana. Ƙa'idar ISPS ta shafi jiragen fasinja da jiragen kaya masu girman tan 500 zuwa sama da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe, da wuraren da ke yi musu hidima. Ba ta shafi jiragen kamun kifi ba, ba ta kuma ce a rufe kowace katangar kare igiyar ruwa da ke nesa da inda ake lodi ba. In aka ce maka "dokar tsaro ce", tambayi iyakar yankin da aka keɓe. Akwai kuma wuraren da suka ɗauki akasin wannan hanya: a jihar Kalifoniya ta Amurka ko lasisi ba a nema ga mai fatsa a kan gadar teku ta jama'a, ko da yake dokar girman kifi da adadinsa tana kansa. Ashe ana iya haɗa jirage da masu fatsa in an so.

Sai gyara ɗaya ga Sabon Hannu, don na san za a ba shi shawarar saƙaƙƙen zare. Yana da kyau, siriri ne, ruwa ba ya jansa sosai, kuma ba ya miƙewa, ko ɗan taɓi kifi ya yi za ka ji. Amma a jikin ginshiƙi mai ƙumba ba ya jure guga ko kaɗan, yana taɓawa a miƙe sai ya yanke kamar an sa reza. In za ka yi amfani da shi, sa masa zaren gaba na roba mita uku zuwa biyar. Kuma saƙaƙƙen zaren ne mafi muni ga farfela, don ba ya tsinkewa da sauƙi. In ya maƙale kada ka naɗe shi a hannu ka ja, zai shiga nama. Naɗa shi a guntun itace.

Mai Darma:

Haka ne. In ƙara da lokaci, don shi ke yanke nauyin darmar da za a sa. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cika sau biyu cikin dare da yini, tsakanin cika da cika kamar awa 12 da minti 25. Cikin awa shida na hawansa ba daidai yake tafiya ba: awa ta farko kashi ɗaya cikin goma sha biyu, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sannan ya sassauta. Rabin ruwan ke nan yana wucewa cikin awa biyun tsakiya, kuma a bakin mashigar tasha, inda ya matse, gudunsa ya fi haka tsanani. Darma mai giram 60 da ta zauna lafiya da farko za ta fara birgima ta kai zarenka ƙarƙashin jirgin wani. A lokacin sai a koma giram 120, ko mai ƙafafun waya da ke kama ƙasa in gindin yashi ne. A kan duwatsu mai waya asara ce. Kwanakin tsayuwar wata da cikarsa ruwa ya fi hawa ya fi janyewa, sai a ƙara nauyi a kuma ƙara tsawon igiyar raga.

A duba dokar darma ma kafin a saya da yawa. Denmak ta hana shigo da kayan fatsa masu darma da sayar da su tun 2002, don haka a can na ƙarfe ko wani abin ake samu, kuma na ƙarfen sun fi girma a nauyi ɗaya, ruwa ya fi jansu.

Birkin inji a saita shi ya fara sakin zare a kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. In za ka jingine sanda a ƙarfen kariya, sassauta birkin ko ka ɗaure gindinta da igiya, don babban kifi yana wucewa da ita gaba ɗaya. Bayan an tashi, a matse birkin, a wanke injin da ruwan daɗi a hankali ba da feshi mai ƙarfi ba, don ƙarfin ruwa gishirin yake turawa ciki. A bar shi ya bushe, a ɗiga mai a ɗan gargaren da zare ke bi, sannan a sassauta birkin kafin a ajiye, in ba haka ba faifan da ke cikinsa zai danne ya riƙa fizga maimakon saki sumul.

Sabon Hannu:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Saura ɗaya: in jirgi ya taso zai wuce alhali kifi yana kan ƙugiya, me ake yi?

Ɗan Kwata:

Jirgi ke da hanya, kuma ba shi da birki irin na mota, a mashiga mai ƙunci ba zai iya kauce wa zarenka ba. In kifin yana kusa, matse shi ka jawo shi gindin katanga ka riƙe shi a nan har jirgin ya wuce. In yana nesa kuma zaren ya ratsa hanyar, nuna kan sandar ƙasa sosai don zaren ya nutse gwargwadon iko, amma daga katanga mai tsawo wannan ba ya cika yin aiki. Idan ka ga ba makawa, kada ka yanke daga wurin inji ka bar mita hamsin na zare yana yawo a ruwa. Miƙe sandar ta kalli zaren, dafe kwarkwaro da hannu, ka ja da baya a hankali har ya tsinke daga can ƙasa wurin ƙulli, fuskarka a juye gefe, sannan ka naɗe sauran da sauri.